Matani da Sharhinsa a Gafaka Ɗaya: Kowane Bugun Manhaja da Littafin Jagorarsa

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti]

Jama'a masu saurarenmu a birnin Tawa da kewaye, da na Kalfu, Barmu, Afala, Tamaske, Keita da Ibohaman, har zuwa Tabalak da Abalak, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na ilimi da fasahar zamani. Ƴan'uwanmu da ke wajen bida a Abijan, Libiya ko Kamaru, waɗanda shirin ke iskewa ta waya, Allah ya ba da abin da aka fita nema, ya maido ku gida lafiya.

Yau maganar kwamfuta za mu yi, wadda mu nan muka fi kira ordinatar. Baba da ke kishingiɗe a ƙofar gida, da Inna da ke tsinkar zogale, kada ku murɗa akwatin ku ce wannan ta yara ce. Duk wanda ya taɓa sayen magani ya buɗe kwali ya ga ƴar takarda a naɗe a ciki, ya riga ya san rabin abin da za mu faɗa. Takardar nan ita ke gaya maka ƙwaya nawa za ka sha, sau nawa a yini. To a ce an canza ƙarfin ƙwayar, aka bar tsohuwar takarda a cikin sabon kwali. Maganin na kirki ne, takardar ma gaskiya ta faɗa a zamaninta, amma haɗuwarsu na iya kwantar da mutum. Irin wannan haɗuwa ce ke faruwa kullum tsakanin manhajar kwamfuta da littafin da ke koyar da ita, kuma ita za mu tattauna a yau.

[Gajeren kiɗa]

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Ina da wani ɗan ƙanwata, ɗalibi ne, ya ƙwallafa rai sai ya koyi rubuta manhaja. Wani abokinsa ya tura masa littafi cikin Faransanci ta waya, littafin koyon harshen kwamfuta da ake kira Python. Shi kuma ya je ya zuba Python ɗin a tsohuwar ordinatar da wansa ya aiko masa daga bida. Ya buɗe littafi, darasi na farko, layi na farko: ka sa na'ura ta rubuta gaisuwa a fuskarta. Ya kwafa harafi da harafi. Na'ura ta ce kuskure. Ya goge ya sake, ta ce kuskure. Kwana uku yana wannan fama, ran na huɗu ya iske ni da dare, ya zauna nesa da fitila ya ce, “Kawu, ina jin kaina ne bai ɗaukar abin nan.”

Kan yaron lafiya lau yake. Abin da ya faru shi ne, littafin an rubuta shi ne don Python na 2, shi kuwa abin da ya zuba Python na 3 ne. Harshen nan wani mutumin ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ya fito da shi a 1991. A watan Disamba na 2008 aka fitar da bugu na 3, aka canza wasu ƙa'idoji, har da yadda ake ba da umurnin rubutu: a sabon bugu dole ka sa abin da kake so a rubuta cikin baka biyu, a tsohon kuwa ba dole ba ne. Baka biyu kacal suka hana yaro barci kwana uku. Bugu na 2 an daina kula da shi tun ranar 1 ga Janairu 2020, amma littattafansa na nan suna yawo daga waya zuwa waya, babu mai ce musu ku tsaya.

Wannan kuskuren ma mai sauƙi ne, don yana da baki, na'ura ta yi ƙara an ji. Akwai wanda ya fi shi haɗari, wanda ba ya magana. A Python na 2, in ka ce a raba 7 gida 2, amsar da za ta ba ka 3 ce, ta yar da ragowar. A Python na 3 amsar 3 da rabi ce. Ka ɗauka lissafin rabon buhunan hatsi ne tsakanin gidaje, ko rabon kwalaben magani tsakanin likitoci biyu na karkara. Na'ura ba za ta ce maka komai ba, adadi kawai za ta miƙo, kai kuma ka sa hannu.

Tun daga ranar nan, duk wanda ya zo mini da littafin manhaja, tambayata ta farko ita ce: na wane bugu ne?

[Gajeren kiɗa]

Kafin mu yi nisa, mu warware kalmomi uku. Manhaja, wadda masu Faransanci ke ce wa lojisiyel, ita ce jerin umurnin da ke sa kwamfuta ko waya ta yi aiki. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda masu ita suka baje rubutun tushenta a fili, suka ba kowa izini ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya raba wa wasu. Wannan tafiya ta samo ƙarfi ne tun 1983, lokacin da Richard Stallman ya kafa shirin GNU a Amurka, sannan a 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux. In wayar da ke aljihunka Android ce, to zuciyar Linux ce ke bugawa a cikinta.

Kalma ta uku ita ce bugu. Kamar yadda littafin lakkwal ke da bugu na ɗaya da na biyu, haka manhaja. Sai dai littafi kan yi shekaru kafin a sake buga shi, ita kuwa buɗaɗɗiyar manhaja hannuwa ɗaruruwa ke taɓa ta daga ƙasashe daban-daban, wata duk wata shida take fitar da sabon bugu, wata duk shekara. Maɓallin da ke dama bara, bana ya koma hagu. Abin da ake kira da wani suna, an raɗa masa sabo. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Littafin jagora shi ne mai koya rawar, in ya tsaya a kiɗan bara, mai bin sa shi kaɗai zai riƙa taka daban a tsakiyar fili.

To yaya masu wannan aiki suka yi da matsalar? Amsar za ta yi wa almajiran zaure sauƙin ganewa fiye da kowa.

Wanda ya yi karatun littattafai a gaban malam ya san matani, ya san sharhi. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani matani ce, Samaruddani sharhinta ne. In ka buɗe tsofaffin littattafan hannu na malamanmu, irin waɗanda ake ajiyewa a gidajen malamai a Adar da Abalak, za ka ga matani a tsakiyar takarda da layuka a wawware, bayanin malam kuma da ƙananan baƙaƙe a tsakanin layuka da gefen shafi. Me ya sa ba su rubuta bayanin a wata takarda daban ba? Don sun san halin takarda. In ta rabu da ƴar'uwarta, gobe wani zai ɗora bayanin babin alwala a kan babin taimama. Sai suka sa matani da sharhi a shafi ɗaya, suka zuba su a gafaka ɗaya. Inda ɗaya ya je, ɗayan na biye.

Akwai wata dabarar kuma. Littattafan nan ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake. Don kada su hautsine, mai kwafar littafi kan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a can ƙasan shafin da ya gama. Ko iska ta watsa su, mai haƙuri zai bi kalma bayan kalma ya mai da kowace warƙa mazauninta. A ƙarshen littafi kuma sau da yawa yakan rubuta sunansa, wani lokaci har da ranar da ya gama.

Masu buɗaɗɗiyar manhaja sun iso ga wannan hikima ta tasu hanyar. A 2005 Linus Torvalds ya ƙirƙiro wani kayan aiki mai suna Git. Ka ɗauke shi kamar rumbu mai tuna komai. Duk gyaran da aka yi, rumbun na rubuta wa ya yi shi, yaushe, kuma me ya sa. Kowane gyara na ɗauke da shaidar gyaran da ya gabace shi, kamar dai kalmar nan ta ƙasan shafi da ke ɗaure warƙa da warƙa. In an zo fitar da sabon bugu, sai a buga masa alama, kamar yadda makiyayi ke yi wa raƙuminsa shaida, a ce wannan shi ne bugu kaza. Shekara goma bayan haka, wanda ya nemi wannan alama zai sami komai yadda yake a ranar da aka buga ta.

Abin da ya rage shi ne a sa littafin jagora cikin rumbun tare da manhaja. Haka Linux ke yi, haka Python ke yi: a cikin rumbunsu akwai ɗaki guda na bayani zalla. Ranar da aka buga wa manhaja alama, alamar ta hau kan bayanin ma. Masu Django, wata manhajar gina shafukan intanet, har ƙa'ida suka kafa: wanda ya kawo sabon abu, sai ya haɗo da bayaninsa kafin a karɓa. Wasu kuma, irin masu manhajar taswira QGIS, rumbun bayaninsu daban yake, amma suna tsaga masa reshe mai ɗauke da lambar bugun da yake bayani a kai. Ko ta wace hanya aka bi, matani da sharhi na gafaka ɗaya. In ka shiga shafin bayanin Python, a sama akwai wurin zaɓen bugu, kuma a ƙarƙashin umurni da yawa za ka ga an rubuta: an ƙara wannan a bugu kaza, an canza wancan a bugu kaza. Da ɗan ƙanwata ya san da wannan ƴar taga, da bai yi kwana uku yana zargin kansa ba.

[Kiɗa na minti ɗaya]

Masu saurare, in yanzu kuka murɗo, muna magana ne a kan littafin jagorar manhaja, da dalilin da ya sa kowane bugu ke bukatar nasa. Yanzu bari mu dawo gida.

Ma'aikatar lafiya ta ƙasarmu Nijar na tattara alƙaluman lafiya ne da wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna DHIS2. Rahoton wata-wata da majo, wato shugaban ma'aikatan lafiya, ke haɗawa a likitar CSI, na yaran da aka yi wa rigakafi, matan da suka zo awon ciki, masu zazzaɓin cizon sauro da yaran da tamowa ta kama, ƙarshenta cikin wannan manhaja yake shiga, daga gundumomin lafiya na jiharmu tun daga Ƙonni da Madawa har Cintabaradan da Tasara. Makwabciyarmu Najeriya ma da ita take aiki, haka ƙasashe fiye da 70 a duniya. Tushenta Afirka ta Kudu ne a shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata. DHIS2 ɗin da muka sani kuwa an fara aiki da ita ne a jihar Kerala ta Indiya a 2006, kuma Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar gina ta.

Wannan manhaja ba ta zama wuri ɗaya. An yi bugu 2.30, an bi har 2.39, wanda ya biyo baya a 2023 aka kira shi 40 kawai, na 2024 kuma 41. A cikin wannan tafiya abubuwa sun motsa. Misali, a da akwai ƙofa ta musamman da ake shiga don fitar da jadawalin alƙaluma, mai suna Pivot Table, daga baya aka shigar da aikinta cikin wata ƙofar mai suna Data Visualizer. Wanda ke riƙe da tsohon littafi zai yi ta neman ƙofar da aka riga aka toshe. Shi ya sa a shafin bayanin DHIS2 kowane bugu ke da littafinsa, kai za ka zaɓi wanda ya dace da abin da ke gabanka.

To amma a nan ne halinmu ya bambanta da na mutumin Oslo. Shi intanet ɗinsa ba ya yankewa, in ya so bayani sai ya buɗe shafi ya zaɓi bugu. Mu kuwa yaya bayani ke iso mana? Ana kiran mutum horo a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500, ko a nan Tawa. A ba shi kundi a hannu, ko a zuba masa a kile, wato ƴar ma'ajiyar nan ta USB. Ya koma bakin aikinsa inda rezo sai an hau tudu. Shekara biyu, a yi masa canjin wurin aiki, ya bar wa magajinsa kundin a cikin durowa. Shi kuma ya ɗauki hotonsa ya tura wa abokinsa ta WhatsApp. Kafin ka ankara bangon farko ya yage, shafin da ke ɗauke da lamba da kwanan wata ya tafi, kundi ya zama maraya, ba a san uwarsa ba balle shekarunsa. A can sama kuma an riga an sabunta manhajar.

Akwai kuma juyin wannan. Ƙasa ba ta tsalle ta hau sabon bugu ranar da ya fito, sai masu kula da na'urorin sun gwada sun tabbatar bai ɓata komai ba. Saboda haka wani lokaci manhajar da ke gabanka ce tsohuwa, bayanin da ka samo a intanet kuma sabo fil. Ka ga hoton maɓallin da babu shi a fuskar taka na'urar, ka ɗauka taka ce ta lalace.

Sai matsala ta uku, ta harshe. Yawancin waɗannan littattafai da Ingilishi ake fara rubuta su. Fassarar Faransanci daga baya take biyowa, sau da yawa ƴan sa-kai ke yin ta a lokacin da suka samu. Bayanin da malamin horo zai yi da Hausa ko Tamajak kuwa, shi ne na ƙarshe a layi. Kowane mataki na iya zama bugu ɗaya a baya. Ke nan mu da muke ƙarshen hanya mun fi kowa bukatar lambar bugu a jikin takarda.

Ba a likita kaɗai abin yake ba. Matasanmu da ƙungiyoyi ke ɗauka aikin ankete, suna shiga ƙauyuka da waya suna cika tambayoyi a KoboCollect ko ODK, sun san wannan ciwo. Ita kanta takardar tambayoyin tana da bugu. In an ƙara tambaya ɗaya a ofis aka sake sakin ta, wanda bai sauke sabuwar ba zai yini yana aiki da tsohuwa, kuma kundin horon da ke jakarsa na iya cewa tambaya ta 12 a kan dabbobi take, alhali yanzu a kan rijiya take. Haka masu zana taswirar gonaki da madatsun ruwa a kwarin Keita, inda aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO. Mai aiki da QGIS ya san cewa a watan Fabrairu na 2018 bugu na 3 ya fito, ya koma kan Python na 3, ƙananan kayan haɗi da yawa na bugu na 2 suka daina aiki sai da aka sake gyara su. Darasin bidiyo da aka ɗauka kafin wannan lokaci na nan a intanet har gobe, yana koyar da abin da ya wuce.

[Gajeren kiɗa]

To yaya ake karanta lambar? Manhajoji da yawa na bin tsarin lamba uku, misali 2.4.1. Ta ƙarshe in ta motsa, ɗinki aka yi, an toshe wata ɓaraka, littafinka na nan daram. Ta tsakiya in ta motsa, an ƙara sabon ɗaki a gidan, tsofaffin ɗakuna na nan, sai dai littafinka bai san sabon ba. Ta farko kuwa in ta motsa, daga 2 zuwa 3, to an taɓa ginshiƙi, nemi sabon littafi. Ba kowa ke bin wannan tsari ba. Wasu da kwanan wata suke ƙirga: Ubuntu 24.04 na nufin watan 4 na 2024, LibreOffice 24.2 kuma watan 2 na 2024. A yawancin manhajoji akwai wurin da aka rubuta “game da wannan manhaja”, can za ka ga lambar taka.

Hattara da wani tarko. Akwai wani dandali mai suna Read the Docs da aka kafa a 2010, inda dubban buɗaɗɗun manhajoji ke ajiye littattafansu bugu-bugu. A can za ka ga zaɓi biyu, ɗaya na nufin tabbatacce, ɗaya na nufin mafi sabo. Ido kan tafi ga mafi sabo, amma sau da yawa wannan bayanin abin da ke kan wuta ne, ba a ma sauke shi ba. Lambar da ta yi daidai da taka ita za ka nema.

Wani mai saurare daga Tamaske ya taɓa tambayata, ya ce, “Malam, in tsohon littafi na ɓad da mutane, me zai hana a ƙone shi a huta?” Alhaji, tambayarka ta yi ma'ana, amma da tsohuwar zuma ake magani. Ordinatocin da ke hannun yawancinmu na hannu ne, wasu sun haura shekara goma, sabon bugu ya fi ƙarfinsu. Mai tsohuwar manhaja tsohon littafi ne abokinsa. Kuma ranar da za a tashi daga tsohon bugu zuwa sabo, sai an ajiye littattafan biyu gefe da gefe kafin a san abin da ya canza. Tsohon littafi ba ya cutarwa muddin shekarunsa na rubuce a goshinsa. Wanda ba a san shekarunsa ba shi ne abin tsoro.

[Gajeren kiɗa]

Saura nasiha, kuma kashi uku ce.

Ta farko gare ka, mai amfani da manhaja, ko majo ne kai, ko sakatare a ofishin magajin gari, ko mai shagon buga takardu a bakin kasuwa. Kafin ka bi kowane littafi ko bidiyo, duba lambar taka manhajar, ka duba tasa. In ka sauke kundi, kada ka bar shi da sunan “jagora” kawai, ko “sabon jagora”, don sabon yau tsohon gobe ne. Sa masa sunan manhajar, da lambar bugu, da shekara. In za ka ba wani manhaja a kile, haɗa masa da littafin wannan bugun a jaka guda.

Ta biyu gare ku malaman horo, maza da mata. Lambar bugu da kwanan wata su kasance a ƙasan kowane shafi, kada a bar su a bango kaɗai, don bango shi ke fara yagewa. Ku yi koyi da mai kwafar littafin nan da ke sa kalma a ƙasan kowace warƙa. In kun fassara zuwa Faransanci ko Hausa, ku rubuta daga wane bugu kuka fassara. Lasisin yawancin waɗannan littattafai ya ba ku izinin kwafa da fassarawa, ba sata kuke yi ba. In an sabunta manhaja, ku aika ƴar takarda shafi ɗaya mai cewa ga abin da ya canza, ga shafukan tsohon kundi da suka daina aiki. Hotunan fuskar na'ura da ke cikin kundi su ne ke fara tsufa, su za ku fara dubawa.

Ta uku gare ku ƴaƴanmu masu koyon rubuta manhaja, a Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa, wadda aka kafa a 2010, da sauran makarantu, da masu koya wa kansu a ɗaki. Jami'arku sunan masanin tarihi take ɗauke da shi, wanda ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, kuma masanin tarihi ya fi kowa sanin wahalar takardar da ba ta da kwanan wata. In ka rubuta ƴar manhajar lissafin bankin hatsi, ko ta ƙungiyar manoman albasa, ko ta kuɗin makaranta, bayaninta ya zauna a rumbu ɗaya da ita tun ranar farko. Gyaran da ya canza yadda ake aiki da ita, ya tafi tare da gyaran bayani a ajiya guda, kada ka ce sai ranar da za ka miƙa aiki, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka buɗe kundin sauye-sauye, kowane bugu da lambarsa da ranarsa da abin da aka ƙara, aka cire ko aka gyara. Ka buga wa kowane bugu alama. Sannan ka tuna mu mutanen tafiya ne. Gobe aiki na iya kai ka Yamai ko Abijan, manhajar kuma ta rage a hannun ma'ajin ƙungiya a ƙauye. Abin da ka bar masa a rubuce shi ne kai a wurinsa.

Ɗan ƙanwar tawa, da muka gano inda gizo ke saƙa, bai yar da tsohon littafin ba. Ya canza masa suna a cikin ordinatar, ya rubuta “Python na 2, tsoho”, sannan ya samo na bugu na 3. Da abokin nasa ya zo neman wani kundi, na ji shi daga ɗaki yana cewa, “Tsaya tukuna, wane bugu ne a taka na'urar?”

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Kowa ya buɗe manhaja ɗaya da yake aiki da ita, ya nemo lambar bugunta. Sannan ya ɗauko kundin da ke durowarsa ko wayarsa, ya nemo tasa lambar. In sun yi daidai, madalla. In sun saɓa, ko kundin ba shi da lamba sam, ya ɗauki biro ya rubuta a shafin farko abin da ya gano, don wanda zai gaje shi. Ku aiko mana da abin da kuka tarar, za mu karanta a shiri na gaba.



[Kiɗan rufe shiri]